Mita DT830B a kan da'irar LED mai ƙyaftawa: inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗa mai koyo

Duk mai leƙa rumfunan kayan lantarki a Babbar Kasuwar Maradi ya san ƴar mitar awon wutar nan, rawaya ko baƙa, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, an rubuta DT830B a goshinta. Ita ce mitar farko ta yawancin yaran shagon gyara, da ɗaliban Lise Teknik Ɗan Kasawa da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu haɗa ƙananan da'irori a gida. Ba kamfani ɗaya ke yin ta ba. Masana'antu da dama ne a ƙasar Sin ke buga ta, kowa da sunan da yake manna mata, shi ya sa za ka sayi biyu a rumfa ɗaya ka buɗe su ka tarar cikinsu ya bambanta. Kuɗinta na hawa da sauka da canjin sefa da Naira, amma ko yaushe ita ce mafi araha a teburin mai kaya.

A kan aiki guda muka duba ta: neman matsala a da'irar da kusan kowane mai koyo ke farawa da ita, wato ƙwayayen LED biyu masu ƙyaftawa bi da bi, da ƴar'uwarta mai IC 555, wato ƴar da'irar da aka dunƙule a ƙwaya ɗaya mai ƙafa takwas. A nan aka fi jin mutum yana cewa mitarsa ƙarya take yi. Ra'ayinmu shi ne ta isa wannan aiki, kuma ta ci kuɗinta. Sai dai cikin lambobin da take nunawa masu tayar da hankali, wasu halin da'irar ne wanda mai koyo bai zata ba, wasu kuma ita mitar ce da kanta ke jawo su. Wanda bai iya raba biyun ba zai yi ta cire kaya masu lafiya yana zubarwa.

Fuskarta na nuna lamba har 1999, in abin da kake aunawa ya fi ƙarfin matakin da ka zaɓa sai ta nuna 1 shi kaɗai a gefen hagu. Matakan DC biyar ne: 200mV, 2000mV, 20V, 200V da 1000V. Na AC biyu ne kacal, 200V da 750V. Tana auna gudun wuta daga 200µA zuwa 200mA, da rami na daban mai 10A, tana auna rezista daga om 200 zuwa 2000k, tana da gwajin diyod da ramukan gwada tiranzisto. Ba ta auna kondansa, ba ta ƙirga yawan bugun da'ira a daƙiƙa, kuma ba ta ƙara idan waya ta haɗu. Ƙanwarta DT830D tana da wannan ƙarar, in ka same ta ka ƙara ɗan abin da aka ce ka ɗauke ta.

Kwance sukurorin baya ka duba kafin ka fara aiki da ita. Za ka ga baƙin ɗigo a tsakiyar allon, IC ɗin ke nan a ƙarƙashinsa, kwafin ICL7106. Kusa da ramukan akwai wata kakkaurar waya a lanƙwashe, ta nan wutar 10A ke bi, babu fiyus ko ɗaya a kanta. Fiyus ɗin da ke akwai na ƙananan matakan mA ne, kuma a wasu ma babu shi, an haɗe wurin kawai. Kada ka ɗaga allon daga jikin maɓallin murɗawa in ba dole ba, musamman a ɗaki mai yashi: akwai ƴan ƙwallayen ƙarfe biyu da sifirin ɗinsu a ciki, in suka yi tsalle sun tafi ke nan.

Da'irar da muke magana a kanta

Tiranzisto BC547 guda biyu, mu kira su T1 da T2, kowanne da ƙafafu uku: C, B da E, wato kolekta, bes da emita. Ƙafafun E duka biyu na zuwa layin −, abin da masu gyara ke kira mas. Daga layin + zuwa kowace ƙafar C akwai jan LED da rezista mai om 470 a jere. Daga layin + zuwa kowace ƙafar B akwai rezista 47k. Sai kondansa biyu masu 22µF da 16V ko 25V, kowanne daga C na wannan tiranzisto zuwa B na wancan, gefensa na + a kan C, gefensa mai zanen − a kan B. Wuta kuma pil, wato ƙaramin batir, mai 9V. Lissafin littafi ya ce kowane LED zai yi 0.69 × R × C a kunne, wato kusan daƙiƙa 0.7. A aikace yana ɗan gaza haka, kuma irin waɗannan kondansa na iya saɓa wa abin da aka rubuta a jikinsu da kashi 20 cikin ɗari, don haka kada ka damu in wani LED ya ɗan fi ɗan'uwansa daɗewa.

Maƙala baƙin tsinken mitar a kan − na pil ɗin, ka bar shi nan har ka gama. Murɗa zuwa 20V na DC. Da jan tsinke kaɗai za ka riƙa yawo.

Lambar da ta fi tsorata mutane ita ce ta ƙafar B. Pil ɗinka 9V ne, babu wani abu a da'irar da ya kamata ya yi ƙasa da sifili, amma sai ga mita na nuna −4, −2, sannan 0.7, ta sake komawa ƙasa. Mutum ya juya tsinkayensa, ya sauya tiranzisto, abin na nan. To wannan gaskiya ce mitar ta faɗa, kuma ita ce babbar shaidar cewa da'irar na aiki. Lokacin da T1 ke kashe, kondansan da ke tsakanin C nasa da B na T2 yana cika: gefen + na kan kusan 7.5V, gefen − na kan 0.7V, ya riƙe 6.8V a tsakani. Da T1 ya kunna, C nasa ya faɗo zuwa 0.1V nan take. Kondansa ba ya sakin abin da ya riƙe cikin ƙiftawar ido, saboda haka ɗaya gefen ya bi shi ƙasa da wannan 6.8V ɗin, B na T2 ya tsinci kansa a wajen −6.7V. Daga nan rezistar 47k ke jawo shi sama a hankali, har ya kai 0.6 zuwa 0.7V, T2 ya kunna, shi ma ya yi wa T1 abin da aka yi masa.

Amma da kondansa 22µF ba za ka taɓa ganin −6.7 ɗin a fuskar DT830B ba. Sau biyu zuwa uku take karantawa a daƙiƙa, kuma kowane karatu ba na ɗan lokaci guda ba ne. Tana tara abin da ya shigo na wani ɗan tsakani ta faɗi matsakaicinsa, kamar mai awon hatsi da tiya, wanda ba ya ƙirga ƙwaya, abin da ya taru a kwano yake faɗa. Shi ya sa lambobin ke tsalle ba tsari. Ba laifin wannan mita kaɗai ba ne, masu tsada ma haka suke yi, osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a fuskarta, shi ne kawai ke nuna siffar bugun. Dabarar da ke rufe wannan giɓi mai sauƙi ce: cire kondansan biyu ka sa masu 470µF na ɗan lokaci. Kowane LED zai koma yin kusan daƙiƙa 14 a kunne, mitar kuma ta samu sararin bin abin da ke faruwa. Ɗora tsinke a kan B ka zuba ido. Da LED na wancan gefen ya kama, lambar ta faɗa kusa da −6.5. Bayan daƙiƙa biyu tana wajen −5.3, a daƙiƙa ta biyar −3.5, a ta goma −1, tana tafiya tana rage sauri, ta tsallake sifili, ta kai 0.65, sai LED ɗin suka yi musaya, lambar ta tsaya cik a 0.7 har wasu daƙiƙa 14. Duk malamin da ke koyar da wannan da'ira ya kamata ya nuna wa yaransa wannan, domin ya fi zane goma a allo.

Lamba ta biyu ita ce ta ƙafar C. Tiranzisto na kunne, ta nuna 0.1 zuwa 0.2V, wannan daidai ne. Yana kashe, mutum na jiran ya ga 9V, sai ya ga 7.5 ko kusa da haka, ya fara zargin tiranziston na yoyo. Ba yoyo ba ne. Tsakanin C da layin + akwai LED, kuma ko ƴan mikro'amfa bakwai da mitar ke ja ta cikinsa sun isa su sa jan LED ya riƙe kusan 1.5V. In shuɗi ne ko fari zai riƙe fiye, ka ga wajen 6.5V. Don ka tabbatar, ɗora tsinkaye biyu a kan ƙafafun rezistar 470. In tiranzisto na kashe za ka ga kusan sifili, ma'ana babu wutar da ke bi. In yana kunne za ka ga wajen 6.8V, ka raba da 470 ka samu kusan 14mA. Ka auna gudun wutar LED ke nan ba tare da ka yanke waya ko ka taɓa matakin mA ba, kuma ita ce hanyar da muke ba da shawara a bi da wannan mita, dalili na nan tafe.

Sai yanayin da LED biyu suka kunna tare suka tsaya. Abubuwa biyu ne mabambanta ke kawo wannan, ido ba ya raba su, DT830B kuwa na raba su sarai. Na farko, da'irar na bugawa amma da saurin da ido ba ya gani. Yakan faru in aka sa ƙaramin kondansa mai lamba 104, wato 100nF, a wurin 22µF: bugun zai kai kusan sau 150 a daƙiƙa. Mitar za ta nuna matsakaici, 3.5 zuwa 4V a kowace C, da wajen −1V a kowace B, a tsaye ba motsi. Wannan −1V ɗin ita ce shaida, domin ba yadda za a yi B ya yi ƙasa da sifili in ba bugu ake yi ba. Na biyu, da'irar ta tsaya da gaske: B biyu na nuna 0.7V, C biyu na nuna 0.1 zuwa 0.2V. A nan tiranzistocin lafiyarsu lau, duka a kunne suke, kondansa ne ba sa isar da saƙo. Ko ƙafar ɗaya ba ta shiga ramin allon gwaji, wato allo mai ramuka da ake soka kayan a kai, da kyau ba, ko an haɗa shi daga C zuwa B na tiranzisto ɗaya maimakon a ƙetara, ko ya bushe.

In kuwa LED na ƙyaftawa amma haskensa a dushe, kuma ƙafar C ba ta zama a 0.1 ko 0.2V, tana tsayawa wajen 4 zuwa 5V, duba launin rezistocinka. Duk dangin 47 da zobe rawaya da shunayya suke farawa, na uku ne ke raba su: ruwan ƙasa 470, ja 4.7k, ruwan lemo 47k, rawaya 470k. A hasken fitilar dare ruwan lemo da rawaya na rikiɗa a ido. In 470k ta shiga wurin 47k, wutar da ke shiga B ta faɗo daga 0.18mA zuwa 0.018mA, ko tiranziston na ninka wutar B sau 300 abin da zai ja bai wuce wajen 5mA ba, ga shi ana buƙatar 14. Cire rezistar daga allo kafin ka auna ta, kuma kada ka danne ƙafafunta biyu da yatsu, jikinka zai shiga lissafin ya rage lambar.

Irin wannan alama na fitowa in an juya tiranzisto. Nan ƙafafu na yaudarar mutane ƙwarai, domin jikinsu iri ɗaya ne amma jerin ƙafafun daban. Riƙe shi gefen da aka yi rubutu na kallonka, ƙafafu ƙasa, ka karanta daga hagu: BC547 C, B, E ne, 2N3904 da S9014 E, B, C ne, C945 da C1815, waɗanda ake yawan cirowa daga tsoffin rediyo, E, C, B ne. Gwajin diyod na mitar na warware wannan cikin minti ɗaya. A tiranziston NPN, irin waɗannan da muka lissafa, ƙafar da in ka ɗora mata jan tsinke ta ba ka lamba tsakanin 600 da 750 da kowace ɗaya cikin sauran biyun, ita ce B, kuma wadda lambarta ta ɗan fi girma cikin biyun ita ce E. Ramukan gwada tiranzisto, masu rubutun hFE, kuma na tabbatarwa: BC547B in ya shiga daidai zai nuna tsakanin 200 da 450, in an juya C da E lambar ta faɗo ƙasa warwas. Ramukan dai ba su da kirki, sai ka danna tiranziston da yatsa ka karkata shi kafin ya kama, gajerun ƙafafu kuma ba sa kaiwa. Da gwajin diyod ɗin nan za ka gane ƙafafun LED: ja zai ɗan yi haske ya nuna wajen 1600 zuwa 1800, shuɗi da fari sukan nuna 1 kawai don sun wuce 1999, ko da lafiyarsu ƙalau.

Wani abu da ya shafe mu musamman a nan: mutane da yawa ba pil suke sa wa da'irar ba, batirin sola na gida suke jona mata. Wannan batir in ya cika 12.6 zuwa 12.8V yake nunawa, da rana yana kan caji yana iya wuce 14V. A 12V kondansa zai so ya ja B zuwa kusan −10V, alhali takardar BC547 ta ce 6V ce iyakar abin da mahaɗar B da E ke ɗauka a juye. Mahaɗar sai ta ɓalle ta fara wuce wuta ta baya. Alamarsa, ƙyaftawar ta fi lissafi sauri, kuma a gwajin 470µF lambar ba ta kai inda ka lissafa ba. Da'irar za ta ci gaba da aiki, amma ƙarfin ninkin tiranziston na raguwa a hankali. Ko a 9V ɗin ma an ɗan haura iyakar. Maganinsa diyod 1N4148 a jere da kowace ƙafar B, gefensa mai zobe na kallon tiranzisto. Bayan haka mahaɗar rezista da kondansa za ta nuna wajen 1.3V maimakon 0.7V, kada ka ɗauka matsala ce. A 12V kuma rezistar LED ta koma 680 ko 1k. Ko kuwa ka sauke wutar zuwa 5V da IC mai rage wuta 7805 ko cajar waya, ka sa rezistar LED 220 ko 330 da ta bes 22k.

Inda mitar ke jawo matsalar da kanta

Komawa kan 555, wadda kamfanin Signetics ya fitar a 1972 bisa ƙirar Hans Camenzind, har yau kuma ba ta fita kasuwa ba. Sa 10k daga layin + zuwa ƙafa 7, 68k daga 7 zuwa 6, haɗa 6 da 2, kondansa 10µF daga nan zuwa mas, ƙafa 8 da 4 a kan +, ƙafa 1 a mas, LED da rezista 470 a ƙafa 3. Za ta buga kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Fara awo daga ƙafa 5. A cikin IC ɗin akwai rezista uku masu 5k a jere, ƙafa 5 na zaune a kashi biyu cikin uku na wutar da ka ba ta, wato 6V in pil ɗin 9V ne, kuma ba ta tsalle. In ba ka ga haka ba, ko an juya IC ɗin, ko ta mutu, ko, in ka sa ƙaramin kondansa a wannan ƙafa, ya haɗe. Ƙafa 2 da 6 na kai da komo tsakanin 3 da 6V. Ƙafa 7 na sauka kusa da sifili ta hau 8.2 zuwa 8.6V. Ƙafa 3 kuwa ba ta kai 9V ko da wasa, wajen 7.5V take tsayawa, haka aka ƙera NE555. Irin su TLC555 ne ke kaiwa dab da cikakkiyar wutar. In ƙyaftawar na yi tana tsayawa ba dalili, duba ƙafa 4, sau da yawa an bar ta a sake.

Duk waɗannan DT830B na auna su daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne in rezistar lokaci ta yi girma. Mitar na da juriyar 1MΩ, wato om miliyan ɗaya, tsakanin tsinkayenta a matakan DC, mitoci masu ɗan tsada kuwa 10MΩ suke da ita. Wato duk inda ka ɗora ta, ka jona rezista 1MΩ ke nan daga wurin zuwa mas. A kan 47k ko 68k tasirin ɗan kaɗan ne. Amma ka ce kana son ƙyaftawa a hankali, ka sa 1MΩ a wurin 68k. Da ka taɓa ƙafa 6, rezistarka da ta mitar sun raba wutar biyu, kondansa ba zai wuce 4.5V ba, IC kuma 6V take jira kafin ta juya. Za ka ga lambar ta hau ta tsaya a 4.5, LED ya tsaya a kunne. Ka ɗaga tsinke, ya ci gaba da ƙyaftawa kamar ba a yi komai ba. Da mita mai 10MΩ kondansan na da damar kaiwa 8.2V, da'irar ba ta tsayawa. Wannan shi ne babban raunin DT830B a irin wannan aiki, kuma ba a gyara shi, sai dai a kauce masa: a auna a ƙafa 3 da 5, ko a rage rezista a ƙara kondansa.

A lura, kondansa mai yoyo na yin irin wannan ko babu mita. Ta cikin 1MΩ, a daidai 6V, wutar da ta rage wa kondansa 3µA ce kacal, kuma yoyon 3µA ba wani abu ba ne ga tsohon kondansa da aka ciro daga allon da ya sha zafin watan Afrilu da Mayu shekara da shekaru. Tunda mitar ba ta auna kondansa, ga gwajin da za ta iya: sauke cajinsa, sa shi a matakin 2000k, lambar ta riƙa hawa har ta koma 1. In ta tsaya a hanya, yana yoyo. In ta nuna 1 tun farko ba hawa, ya bushe ko ya yanke. Don kondansan da ke tsara lokacin ƙyaftawa, sayi sabo, in da hali mai rubutun 105°C.

Matakin AC kuwa a guje shi kwata-kwata a wannan da'ira. Mai koyo kan yi tunanin tunda wutar na hawa da sauka, a AC ya kamata a auna ta. Diyod guda ne a bayan wannan mataki, babu kondansan da ke hana DC wucewa, kuma an ninka sakamakon kusan sau 2.2 don ya dace da siffar wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa. Ɗora shi a kan pil 9V ka ga abin mamaki: zai nuna 18 zuwa 20. Juya tsinkayen ya nuna sifili. Duk wanda ya zo maka da labarin da'irarsa mai 9V na fitar da 19V, fara duba inda maɓallinsa yake.

Haka pil ɗin cikin mitar. In ya yi sanyi ba raguwa lambobin ke yi ba, ƙaruwa suke yi, domin ma'aunin da IC ɗin ke kwatanta komai da shi ya sauka. Cajar waya mai 5V sai ta nuna 6 ko fiye. Akwai ƴar alamar batir da ke fitowa a kusurwar fuska, amma ƙarama ce, a cikin hasken rana da wuya ka lura. Mitar kuma ba ta kashe kanta, in ka manta ba ka mayar da maɓalli kan OFF ba ta kwana tana cin pil. In duk lambobinka sun yi sama gaba ɗaya, sauya pil ɗinta kafin ka taɓa da'ira. Shi ma pil ɗin da'irar a auna shi yana kan aiki. Araha irin na 6F22 in ya tsufa yakan nuna kusan 9V a sake, LED na kamawa ya zube, sai ka ga ƙafa 8 da ƙafa 5 na rawa tare da ƙyaftawar. Sa 100nF dab da ƙafa 8 da 1, da 100µF a kan layukan wuta, in rawar ta ci gaba pil ɗin ya gama.

Dalilin da ya sa muka ce a bar matakin mA: rami ɗaya ne na V, Ω da mA. Tsinkayenka na kan pil, ka murɗa maɓalli daga 20V zuwa wani wuri, in ya bi ta kan mA ka haɗe pil ɗin ta cikin mitar, fiyus ya tafi, in babu fiyus rezistar ciki ta ƙone. Daga nan matakan mA sai su riƙa nuna sifili, da'irar da ka jona ta cikinsu ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne barin jan tsinke a ramin 10A ka je auna batirin sola. Waya ce miƙaƙƙiya ka ɗora tsakanin + da −, kuma wannan batir na da ƙarfin narkar da ita a hannunka. Ɗaga tsinke kafin ka murɗa, ko yaushe.

Tsinkayen da ke zuwa a kwalin su ne mafi rauni a jikinta. Wayar ciki ƴan silli ne, tana yankewa a gindin filogi ba tare da robar ta nuna ba, lambobi su riƙa zuwa suna ɗaukewa. Kaifinsu kuma ya yi kauri ga ƙafafun IC. In tsinke ya zame ya haɗa ƙafa 7 da 8 na 555 a lokacin da 7 ke sauke caji, IC ɗin na iya ƙonewa. Soka gajeriyar waya a layin allon gwaji ka auna a kanta, baƙin tsinken kuma ka yi masa bakin kada da dalma. Da hunturu ƙura na shiga ƙarƙashin maɓalli, awon rezista ya fara yawo. Murɗa shi zagaye sau da yawa yakan gyara, ajiye ta a leda kuma na hana dawowarsa. Kada a bar ta a rana, fuskar na yin baƙi. Yawon da lamba ke yi a 200mV in tsinkaye na sake ba cuta ba ce, haɗa kawunansu ta koma sifili. Shi ma allon gwajin a bincike shi: dogaye da yawa layukan wutarsu a yanke suke a tsakiya, rabi na da 9V, rabi babu komai.

An rubuta 750V da 1000V a jikinta, amma ba mu ba kowa shawarar ya soka ta a soket ɗin 220V ko a injin sauya wutar sola ba. Babu kariya ta kirki a ciki, kuskuren maɓalli guda a wannan wuta ba ƙaramin abu ba ne. Mai wannan aiki ya nemi mita mai fiyus a duk matakan amfa da tsinkaye masu kauri. Mai aiki da rezistoci na ɗaruruwan kilo shi ma ya tara kuɗi ya sayi mai 10MΩ. Ga mai 5V, 9V da 12V a kan teburi, ɗalibi ko yaron shago, DT830B ta wadatar.

Tunda ba duka ke fitowa da inganci ɗaya ba, gwada wadda za ka saya a gaban mai kaya. Ka ce ya sa mata pil. Haɗa tsinkaye a matakin om 200, lambar ta sauka ƙasa da 1, ka girgiza wayoyin ka ga ko tana tsalle. Auna sabon pil mai 1.5V a matakin 2000mV, ya nuna tsakanin 1500 da 1650, ka juya tsinkayen ta ba ka lamba ɗaya da alamar − a gaba. Murɗa maɓallin zagaye guda ka ji yana tsayawa a kowane mataki. Ka je da jan LED da rezista 47k a aljihu ka gwada diyod da matakin 200k, sannan ka haɗa da fiyus biyu irin na cikinta da pil 9V na ajiya.